Akun da ke Cikin Aljihu: Wayar Salula da Ƙagaggen Labarin Hausa

Tambayar ko fasaha ta mallake rayuwar mutumin yau tana da faɗi ƙwarai, kuma faɗin nata ne ke sa yawancin amsoshinta su rikiɗe su zama wa'azi. Wani ya ce waya ta ɓata tarbiyya, wani ya ce ta kawo ci gaba, a tashi ba wanda ya ƙaru. A wannan muƙala zan matse tambayar zuwa fagen da na fi sani, wato ƙagaggen labarin Hausa, in kuma matse fasahar zuwa na'ura guda, wayar salula. Na zaɓi labari ne saboda ba ya iya ɓoye sawun abin da ya taka shi. Mutum kan rantse cewa shi ke juya wayarsa, ba kuma mai iya ƙaryata shi. Amma labarin da aka rubuta da waya, aka sayar ta waya, aka karanta a waya, yana nan a shimfiɗe. Ana iya duba tsawon shafinsa, da inda yake yankewa, da abin da taurarinsa ke yi da hannuwansu, a gane wanda ke ba da umarni.

Akwai abin da masu kukan lalacewar adabi kan manta, shi ne rubutun zube na Hausa bai taɓa cin gashin kansa ba. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Littattafan karatu hukumar ke nema domin makarantun boko, don haka gajeru take so, masu dacewa da aji. Tsawon nan nasu da muke gani kamar da shi aka haife su, buƙatar maɗaba'a da ta makaranta ce ta yanka shi. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, marubuci ne ke biyan kuɗin ɗab'i daga aljihunsa, saboda haka sai a raba labari guda zuwa littafi na ɗaya da na biyu, wani lokaci har da na uku, a sayar da na farko a sami abin buga na gaba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa duk a rarrabe suka fito. Ke nan yanke labari daidai inda numfashin mai karatu zai tsaya ba waya ce ta koya mana ba, tsadar takarda ta riga ta.

Abin da waya ta zo da shi na dabam ne. Layukan salula sun shigo Nijeriya a 2001, manhajar WhatsApp ta fito a 2009, sannan da wayoyin Android suka yi araha sai kasuwar labari ta kwashe kayanta daga rumfunan littattafai ta koma cikin tafin hannu. Tsarin yanzu sananne ne ga duk wanda ya leƙa. Marubuciya (na ce marubuciya don mata ne suka fi yawa a wannan fage, kamar yadda suka fi yawa a adabin kasuwar Kano) za ta buɗe zaure a WhatsApp, ko shafi a Facebook ko Wattpad. Da manyan yatsunta biyu take rubutu, tana sakin shafi kullum ko bayan kwana biyu. Shafukan farko kyauta ne, na ɗanɗano. Idan labari ya kama jiki sai a rufe ƙofa, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki ko ya aika katin waya, a shigar da shi zauren waɗanda suka biya. Daga nan marubuciya da masu karatunta suna ɗaki guda har labari ya ƙare.

A ganina babban abin da adabinmu ya rasa a wannan sauyi shi ne tazara. Da can tsakanin marubuci da mai karatu akwai watanni. Sai an gama rubutu da biro, a kai wa mai tafireta ko mai kwamfuta, a duba, a kai maɗaba'a, a raba wa 'yan kasuwa. Wannan jinkiri da marubutan wancan lokaci ke kuka da shi, a cikinsa ne gyara ke zaune. Marubucin da ya isa babi na ashirin ya gane cewa ƙarshen labarinsa na buƙatar a shuka wani iri tun babi na biyu, yana da damar komawa ya shuka. Marubuciyar waya ba ta da wannan dama. Shafi na goma ya riga ya shiga ɗaruruwan wayoyi, an kwafe shi zuwa wasu zaurukan, alhali na sha ɗaya bai ko fito daga kanta ba. Abin da ta rubuta jiya ya zama doka a kanta yau, ko da ta gane bai dace ba.

Daga nan ne yawancin raunin zubi da tsari da ake zargin waɗannan labarai da shi ya samo asali. Za ka ga an shigo da tauraro da ƙarfinsa a farkon labari, an siffanta shi tun daga hula har takalmi, sai ya ɓace ba ko sallama. Za ka ga an ɗaure wani sirri da alkawarin warware shi, labari ya ƙare yana nan a ɗaure. Idan kuma marubuciya ta kai kanta lungun da ba mafita, ga shi ba halin komawa baya, sai ta kira ɗaya daga cikin 'yan agajin da aka saba: hatsarin mota, ko juyewar tunani, ko asirin da aka binne, ko wani kawu da ya dawo daga ƙasar waje da gaskiyar da ba wanda ya taɓa jin ƙamshinta. Manazarta kan ɗora laifin wannan a kan ƙarancin ilimin marubutan. Ni ban yarda ba. Ka ba wa gwanin gwanaye sharaɗin ya saki babi kullum ba tare da ikon taɓa na jiya ba, shi ma zai kira hatsarin mota. Ko Charles Dickens, wanda ya riƙa fitar da littattafansa kashi-kashi a Ingila, da cinikin Martin Chuzzlewit ya ja baya sai ya tura tauraronsa Amurka don ya farfaɗo da kasuwa. Shi kuwa wata guda yake da shi tsakanin kashi da kashi. Tamu marubuciyar awoyi take da su, ga girki, ga yara, ga cajin da ke neman ƙarewa.

Sai kuma muryar masu karatu. A zahiri abin sha'awa ne a ce marubuci na jin ra'ayin jama'arsa nan take, kamar yadda mai tatsuniya ke kallon idanun yaran da ke gabanta. Amma mai tatsuniya ba ta karɓi kuɗin kowa ba. Wadda ta karɓa ta zama mai bashi a wuya, kuma masu bin bashin suna tare da ita dare da rana. Su ce kishiyar nan ta isa haka a wulaƙanta ta, su ce kada a kuskura a kashe wane, su ce shafin yau ya yi gajarta. Ita ma takan rama, ta ce idan sharhi bai yi yawa ba ba za ta saki na gobe ba. Ciniki ne ake yi a fili, abin da ake tayawa kuwa shi ne makomar taurari. Na tabbata da a zaure aka rubuta Shaihu Umar, da ba a bar mahaifiyar Umar ta rasu jim kaɗan bayan ta yi ido biyu da ɗanta ba. Da an yi ta magiya har a tashe ta, a gina mata gida, a kai ta Makka. Littafin kuwa da wannan mutuwar yake tsaye.

Tsawo ma ya sami sabon ubangida. Wanda ya biya kuɗi yana auna abin da ya saya da yawan kwanakin da ya yi yana karantawa, don haka labarin da zai ƙare a shafi talatin sai a ja shi ya kai ɗari. Abin da ake cike gurbin da shi bai ɓuya ba: lissafin akwatunan lefe ɗaya bayan ɗaya, launin labule da na gado, sunayen abincin da aka jera a tebur, ƙirar motar da ta tsaya a ƙofar gida. Ba na cikin masu raina irin wannan siffantawa gaba ɗaya, domin nan da shekara hamsin mai binciken tarihin sutura da girki zai gode mata. Amma idan ta zama hanyar cika mudu, labari kan tsaya cik yana jiran a gama ƙirga atamfa.

Inda na fi ganin amsar tambayata a sarari shi ne ƙa'idar rubutu. Tsofaffin wayoyi ba su da haruffa masu ƙugiya, saƙon tes kuma haruffa 160 kawai yake ɗauka kafin a sake cirar kuɗi. Dole ce ta sa aka riƙa rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya, ɗaki da daki iri ɗaya, wasu suka ari harafin q ya tsaya a madadin ƙ, aka gutsure lafiya ta koma lfy, na gode ta koma ngd. Yau wannan dolen ta kau. Akwai allon rubutu na Hausa a waya, kyauta, da ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa, WhatsApp kuma ba ya ƙirga haruffa ya caji kowa. Duk da haka ɗabi'ar tana nan daram, har ta shiga cikin ƙagaggun labarai, ta kai ga ana rubuta zan da harafin x ba don an rage komai ba. An kwance igiya, akuya ba ta bar gindin turke ba. Wannan ne ya sa nake ganin kalmar mallaka ba ta kama abin da ke faruwa daidai ba. Na'ura ta kafa sharaɗi na ɗan lokaci, mu muka mayar da shi hali, muka ci gaba da yi masa biyayya bayan mai sharaɗin ya janye.

Zuwa nan ina magana ne kan waya a matsayin alƙalami da kasuwa. Amma ta shiga labari ta wata ƙofar, ta zama kaya a hannun taurari, kuma ɓarnar da ta yi a nan ba a cika lura da ita ba. Tsohon labarin Hausa a kan nisa da rashin sani aka gina shi. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja shekara goma sha biyar ya yi yana yawo, ba wanda ya san yana raye ko ya mutu. Mahaifiyar Umar ta keta hamada tana tambaya gari-gari. Abubakar na Jiki Magayi ya bar gida shekaru yana neman abin ramuwa, ƙiyayyarsa na nuna a hankali kamar rubutu a kwalba. Ko littattafan soyayya na shekarun 1990 sun rayu ne a kan wasiƙar da ƙanwa za ta kai, da zancen da ake jira sai ranar Juma'a, da kwanakin da masoyi zai yi bai san abin da aka yanke a kansa ba. Jira shi ne inda tauraro ke zama da kansa, mai karatu ya ga cikinsa.

Waya ta rushe wannan duka. Wanda ya ɓata za a kira shi, wadda aka yi wa ƙarya za ta tambaya nan take. Saboda haka marubucin yau kan ɓata ƙarfinsa wajen kashe wayar kafin labari ya motsa: caji ya ƙare, ko an sace ta, ko sabis ya ɗauke, ko an canza layi. Idan kuma ya bar ta a kunne, aiki ɗaya yake ba ta, na ɗan leƙen asiri. Miji ya shiga wanka, saƙo ya shigo, mata ta duba, gida ya kama da wuta. Na karanta wannan fage sau da yawa har na san sautinsa tun kafin ya iso. Abin mamaki shi ne, na'urar da tauraruwa ke kwana da ita ta tashi da ita, wadda take dubawa kafin ta gaida mijinta, ba a cika tsayawa a dube ta ita kanta ba. Ana amfani da ita kamar ƙofa ko taga, a wuce. A 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya don ya nuna mana abin al'ajabin kimiyya. A lokacin fasaha na nesa, sai an ɗaga kai ake hango ta, kuma marubuci ya hango ta. Yanzu da ta shigo ƙarƙashin matashin kai, ta zama kamar hanci a fuska, mai shi ba ya ganinsa.

Abubakar Imam ya bar mana hoton da ya fi dacewa da wannan hali, ko da yake bai san waya ba. A littafi na farko na Magana Jari Ce, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, waziri kuma yana ƙulla yadda zai hallaka yaron idan ya fita. Duk lokacin da Musa ya yi shirin fita, sai aku ya ɗauko labari ya riƙe shi har gari ya waye. Aku bai ɗaure shi ba, bai kulle ƙofa ba, ƙwarewarsa ita ce sanin daidai inda zai jefa magana ta yadda mai shirin tafiya zai ce bari in ji wannan tukuna. Haka waya ke yi, haka kuma labarin da aka ɗinka daidai jikinta yake yi. Bambancin shi ne akun Imam ya san dalilin da ya sa yake riƙe Musa, ransa yake tsarewa, kuma da sarki ya dawo aikin ya ƙare. Akun da ke aljihunmu kamfanoni ne suka horar da shi, ribarsu tana cikin daɗewar idonmu a kan gilashi, ba kuma wani sarki da ake jiran dawowarsa.

Ba zan yi adalci ba idan na tsaya a nan, domin wannan aku ya buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe. A 2001 aka kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a Jihar Kano, a 2007 kuma aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a birnin. Kafin haka ma, Balaraba Ramat Yakubu da tsararrakinta sun sha suka saboda sun taɓo auren dole da zaluncin cikin gida. Yarinyar da ke ƙauye, ba ta da jarin ɗab'i, ba ta san kowa a kasuwa ba, ba a barinta ta fita, yau tana iya rubuta abin da ya dame ta dubbai su karanta, har ta sami abin sayen sabulu. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata ta nuna irin alƙaluman da ke ɓoye a cikin gidaje. Ta kuma nuna wani abu da ya shafi hujjata: idan aka ba waɗannan marubuta iyakar kalmomi, da wa'adi, da damar gyara kafin wani ya gani, sukan fito da gajeren labari matsattse, mai ƙarshen da aka shirya masa tun farko. Hannu ɗaya ne, waya ɗaya ce, tazarar kawai aka mayar musu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a matsayina na ɗalibin adabi shi ne adana. Ruwan Bagaja ya haura shekara tamanin, har yau ana samunsa a kasuwa da ɗakunan karatu. Labarin da aka saki a zaure shekara biyar da suka wuce fa? Waya ta faɗa ruwa, an rufe zaure, an sauya lamba, shi ke nan. Abin da ya tsira sau da yawa kwafin sata ne da wani ya harhaɗa, an cire sunan mai shi ko an yanke ƙarshensa. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Nijeriya da dama suka jingina da ita, har da na Hausa, ta rufe a ƙarshen 2023. Mai nazarin da zai zo nan gaba ya rubuta tarihin wannan zamani zai tarar da zamanin da aka fi kowane yawan rubuta Hausa, ya kuma rasa inda zai sa hannu ya ɗauko shi.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna. Makonni aka yi a haka. Masu sana'ar cirar kuɗi da na'ura suka zauna, masu sayar da kati suka zauna, mutane suka riƙa tafiya mai nisa don kira guda, wasu suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi a tasha. Cikin dare ɗaya nisa da rashin sani, waɗanda waya ta kora daga labarinmu, suka dawo wa miliyoyin mutanen da suka manta yadda ake zama da su. Irin labarin da nake fatan karantawa daga nan zai fito. Ina hango matar da mijinta ke ci-rani a Legas, ta saba jin muryarsa kowane dare bayan isha'i, yanzu ga waya a hannunta cike da caji, tana kunna ta tana kashewa. A mako na biyu ta aiki ɗanta ya sayo biro da takarda, ta zauna, ta tarar ba ta san yadda ake buɗe wasiƙa ba, sai ta tafi ɗakin surukarta ta ce, "Inna, da can me kuke fara rubutawa?"